Kwana biyu da rabi a Legas: ina zan kai iyalina, me za mu ci?

"Assalamu alaikum Alhaji. Ni malamin makaranta ne, ina zaune a Tudun Jukun, Zariya. An tura ni taron bita a Ikeja cikin watan Nuwamba. Za a rufe taron ranar Alhamis da yamma, jirginmu na komowa Kaduna kuma sai Lahadi da la'asar. Na yi niyyar tafiya da maiɗakina da yaranmu biyu, namiji ɗan shekara 15 da mace 'yar shekara 9, don a cikinmu babu wanda ya taɓa ganin teku. An ce mini ka daɗe a can. Don Allah ina ya kamata mu je a wannan ɗan lokaci, kuma ina za mu ci abinci hankalinmu kwance?"

Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya. Na ji daɗin wannan niyya taka ta tafiya da iyali, domin da yawanmu mukan je Ikko mu dawo ba mu san ko'ina ba sai ɗakin otal da zauren taro, yara kuma suna gida suna kallon teku a littafin makaranta.

In na fahimce ka, abin da ke hannunka Juma'a ce guda, Asabar guda, sai safiyar Lahadi. Kana son ku ga teku, ku ga abin da ya cancanci gani, ku ci abincin da ba za ku yi kokwanton halaccinsa ba. Na yi shekara 17 ina aikin fiton kaya a Apapa kafin in dawo gida, kuma a tsawon wannan zama ɗakin baƙina bai cika kwana babu kowa ba: mai neman biza, mai jinyar ɗan'uwa, ɗalibi mai jarrabawa, ango da amarya. Yawon da na yi da su ya koya mini abu guda, kuma a kansa zan ɗora maka amsar. A Legas hanya ce ke cinye wa baƙo kwanakinsa. Wanda ya yi lissafin gadoji da cunkoso zai je wurare uku ko huɗu ya more su sosai. Wanda ya kwafo jerin wurare goma daga intanet zai wuni a mota yana kallon bayan danfo, wato bas ɗin haya na can, yara na kuka, uwargida ta yi shiru.

Yadda garin yake kwance

Legas kashi biyu ce, ruwa ya raba su. Akwai ɓangaren tudu, inda filin jirgin Murtala Muhammed yake, da Ikeja, da Agege, da Yaba, da Surulere, da Apapa. Akwai kuma ɓangaren tsibiri, wanda mutanen can ke kira Ailan: tsohon garin Ikko, da Ikoyi, da Victoria Island, daga nan a miƙe gabas zuwa Lekki. Gadoji uku ne suka haɗa su. Gadar Carter ita ce tsohuwa, an fara gina ta a 1901. Sai gadar Eko. Sai babbar, wadda ake kira Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, da aka buɗe a 1990. Gidajen talakawa da ma'aikata galibi suna tudu, ofisoshi da bankuna da manyan kasuwanni suna tsibiri. Saboda haka tun asuba gari ke kwarara zuwa tsibiri, daga la'asar kuma ya juyo. Tafiyar da za ka yi cikin minti arba'in ranar Lahadi da safe, ita ce za ta ci maka awa uku ranar Juma'a da yamma, musamman in an yi ruwan sama.

Kusan duk abin da zan ce ku gani yana ɓangaren tsibiri, taronka kuma yana Ikeja. Shawarata ta farko ke nan: kada ku ci gaba da kwana a Ikeja bayan an rufe taro. Ranar Alhamis da magariba, lokacin da kowa ke fitowa daga tsibiri, ku kuma ku shiga; hannunku zai fi sauƙi. In aljihu zai ɗauka, ku kama masauki na kwana uku a Victoria Island ko farkon Lekki. In ya yi tsada, kuma yana da tsada, to Yaba ko Surulere, waɗanda ke bakin gadoji, sun isa. Kuɗin da ka ƙara a masauki za ka fanshe shi a kuɗin mota da gajiyar yara.

A kan gadar Third Mainland za ku ga ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, da masunta a kwale-kwale, da gidajen katako na Makoko tsaye cikin ruwa. Baƙi da yawa a nan suke cewa alhamdulillahi sun ga teku. Wannan tafkin Legas ne, ruwa ne kwantacce mai haɗe da teku ta mashigar jiragen ruwa. Tekun Atilantika yana can bayan tsibiri, kuma za ka ji rurinsa kafin ka gan shi.

Batun mota: da iyali, ku yi amfani da Uber ko Bolt, ko ku yi jinga da direba guda na wuni wanda wani amintacce ya haɗa ku. Danfo ba ta baƙo mai yara ba ce, kuma kada ku shiga motar da ta tsaya muku a bakin titi da fasinjoji a ciki, balle da dare. A irinsu ne ake fashin da suke kira wan-cans. An hana acaɓa a yawancin unguwannin da za ku bi. Nuwamba kuwa lokaci ne mai kyau: ruwan sama ya ja baya, turmutsitsin Disamba bai fara ba. Sai dai zafin can mai gumi ne, ba irin busasshen zafinmu ba. Ku ɗauki tufafi marasa nauyi, a bar shadda mai sitaci a akwati sai ta masallaci.

Juma'a a tsohon gari

Ku fito da wuri ku nufi gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. Ba ƙaton wuri ba ne, awa ɗaya da rabi ta isa. Akwai kayan tagulla na Binin da na Ife, akwai kuma gumakan yumɓu na Nok, waɗanda daga kudancin jiharmu ta Kaduna aka tono su, sun haura shekara dubu biyu. Amma abin da nake kai kowane ɗan Arewa ya gani shi ne baƙar Marsandin Janar Murtala, wadda aka harbe shi a cikinta ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a barikin Dodan. Tana nan da hujojin harsashi a gilashi da ƙofofi. Na taɓa kai wani dattijo daga Ƙofar Gayan, wanda ya ce yana saurayi ya ji sanarwar a rediyo. Ya tsaya gaban motar ya cire tabarau, ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, mu ma muka shafa. Ka gaya wa ɗanka cewa mai wannan motar a Barewa ya yi karatu, nan Zariya, a titin da yake wucewa kullum. Tarihi yakan shiga kan yaro in ya ga yana da alaƙa da ƙofar gidansu.

Daga nan da ƙafa ma za ku iya isa dandalin Tafawa Ɓalewa. A da filin sukuwa ne, kuma a nan aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya daren 1 ga Oktoban 1960. Tsayawar minti goma ce, a ɗauki hoto a wuce. Legas ce hedikwatar ƙasa har zuwa Disambar 1991, shi ya sa za ka ga sunayen manyanmu a tituna. Babban titin da ya bi gaɓar Victoria Island sunan Sardauna Ahmadu Bello yake ɗauke da shi. Gaba kaɗan a titin Broad akwai Freedom Park, tsohon gidan yarin Turawan mulkin mallaka, inda aka tsare irin su Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo. A 2010 aka mayar da shi wurin shaƙatawa, aka bar katangar da fasalin ɗakunan fursuna don a ga ƙanƙantarsu. Da rana wuri ne mai inuwa da natsuwa, yara za su huta. Da dare kiɗa ake yi, ba lokacinku ba ne.

Sallar Juma'a ku yi ta a babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, mai hasumiya huɗu, wanda aka buɗe a 1988. Akwai ɓangaren mata. Ku je da wuri don kasuwa ce ta kewaye shi, kuma ka tuna azahar a can tana shiga bayan ta Zariya da kamar kwata, saboda sun fi mu yamma. Ina son ɗan Arewa ya yi Juma'a a wannan masallaci ko sau ɗaya ne. Zai ga sahu cike da Yarbawa, manyan 'yan kasuwa da 'yan dako kafaɗa da kafaɗa, ya ji huɗuba da Larabci da Yarbanci, ya san cewa Musulunci ya daɗe da kafuwa a bakin teku. Shaidar haka tana kusa, a titin Martins: masallacin Shitta-Bey, wanda aka buɗe a 1894. Ƙarami ne, an yi masa gini irin na Burazil, salon da bayin da suka dawo daga can suka zo da shi. Attajirin da ya gina shi, Muhammadu Shitta, Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ne ya aiko masa da sarautar Bey a bikin buɗewar. Mu da muka taso muna alfahari da aikin Babban Gwani a masallacin Juma'ar Zazzau, ya kamata mu ga yadda 'yan'uwanmu na kudu suka ƙawata nasu a ƙarni guda da namu.

Bayan an sallame, kuna tsakiyar kasuwar Balogun. Nan uwargida za ta ga leshi da atamfa da takalma da sarƙoƙi har sai ta gaji. Ka ba ta awa ɗaya da rabi, ka riƙe hannun ƙaramar, waya ta shiga aljihun gaba, a yi ciniki da sakin fuska a kuma taya ƙasa sosai. Kada ku bi wanda ya tare ku ya ce zai kai ku shagon da ya fi araha. Ladansa a kan kuɗinku za a ɗora.

In da sauran ƙarfi, kafin ƙarfe huɗu ku taka zuwa tashar Marina. Sunan ba shi da alaƙa da marinar rini irin tamu, bakin ruwa yake nufi. Daga nan jirgin ƙasa mai lantarki, wanda ya fara aiki a Satumbar 2023, yake tashi zuwa Mile 2, kilomita 13. Da katin Cowry ake shiga, ana sayarwa a tashar. Ku je ku dawo kawai. Jirgin yana bi ta saman ruwa, daga taga za ku hango manyan jiragen ruwa a Apapa da babban ɗakin wasanni na ƙasa a Iganmu, inda aka yi bikin FESTAC a 1977. Yara sukan fi tuna wannan gajeriyar tafiya fiye da gidan tarihi.

Asabar ta teku ce

Tsofaffin da suka yi zaman Legas za su ce maka ka je Bar Beach. Babu ita yanzu. An cike wurin da yashi an kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic, aka yi mata katangar duwatsu don tare ruwa. Abin da ya rage zaɓi biyu ne.

Na farko, wuraren bakin teku da ke Lekki. Mota za ta kai ku har ƙofa, a biya kuɗin shiga. Galibinsu na 'yan kasuwa ne, kuma daga yammacin Asabar sukan cika da kiɗa da shaye-shaye da shigar da ba za ka so yaranka su gani ba. In nan za ku, to daga ƙarfe tara zuwa sha biyu, lokacin da babu kowa sai masu dawakin haya da masu sayar da kwakwa.

Na biyu, kuma shi na fi so wa mai iyali, Tarkwa Bay. Mota ba ta zuwa, sai jirgin ruwa mai inji, tafiyar kamar minti ashirin daga Falomo a Ikoyi ko daga Marina. Dalilina biyu. Turawa sun zuba doguwar katangar duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20, ita ce ta kare wannan lungu, don haka igiyar ruwansa ta fi laushi. Sannan a gabanku manyan jiragen dakon kaya za su riƙa wucewa, kowanne ya fi benen Senate na jami'ar Ahmadu Bello tsawo in an kwantar da shi, da kwantenoni jere bisa jere. Na yi shekaru ina fitar da kaya daga cikinsu, amma har na bar Legas ban daina tsayawa kallonsu ba.

Ga sharuɗɗan da ba na sassautawa. Ku hau jirgi a tashar da hukuma ke kula da ita. Kowa ya sa rigar ruwa, a ɗaure ta, kuma a nemi daidai jikin ƙaramar, don babbar riga takan zame wa yaro. In ka ga an cika jirgi fiye da kujerunsa, ku sauka ku jira na gaba. Na taɓa sauke baƙina huɗu a kan haka, mai jirgin yana ta faɗa, ban kula shi ba. Ku yi magana da shi kan lokacin dawowa, kuma ku baro wurin kafin ƙarfe huɗu. Ba a tafiyar ruwa da duhu.

Yanzu maganar da ta fi kowacce nauyi a wannan amsa. Teku ba Kubanni ba ne, ba Galma ba ne, ba dam ɗin Shika ba ne. Yaron da ya iya iyo a rafi shi ya fi shiga haɗari, don yana ganin ya san ruwa. Igiyoyi suna turo ruwa kan gaɓa ba tsayawa, wannan ruwan kuma dole ya koma, sai ya tattaru ya yanki wata siririyar hanya ya koma ciki da gudu. Abin da ke ruɗar mutane, daidai wannan hanyar ce ta fi kama da wuri mai lafiya, don ba ta kumfa, ruwanta ya fi duhu ya fi kwanciya. Wanda ya shiga sai ya ji yashi na zarewa a ƙarƙashin ƙafarsa, kafin ya ankara ya yi nisa. Mai ƙoƙarin komowa kai tsaye gajiya yake yi ya nutse. Mafita ita ce a yi iyo a gicciye, gefe-gefe da gaɓa, har a fita daga jan. Ku da ba ku saba ba, iyakarku gwiwa. Ka faɗa wa saurayin naka wannan tun a Zariya, ka maimaita a jirgi. Kada kowa ya juya wa ruwa baya don ɗaukar hoto, kada a hau duwatsun katangar, suna da santsi. A bayan Tarkwa akwai wata doguwar gaɓa wajen hasumiyar fitilar jiragen ruwa, ita buɗaɗɗen teku ce. Ku je ku kalla daga kan busasshen yashi, ku ji rurin, ku dawo.

Ban faɗi wannan don in tsorata ku ba. Ranar da na kai mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta tsaya nesa riƙe da mayafinta tana kallo. Can ta matsa, ruwa ya zo ya shafi ƙafarta ya koma. Ta sunkuya ta ɗiba a tafin hannu ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce, "Subhanallahi, ashe da gaske gishiri ne." Daga nan ta zauna a kan yashi tana tasbihi har muka tashi. Har ta rasu tana ba jikokinta labarin wannan rana. Abin da nake so iyalinka su samu ke nan, kuma ba ya samuwa a gurguje. Ku ba shi rabin wuni cur.

In uwargida ta ce ita fa ba za ta hau jirgin ruwa ba, kada a matsa mata. Ku yi sammako zuwa gandun dajin Lekki, wanda aka kafa a 1990, fili mai hekta 78 na kurmi da fadama a tsakiyar gari. Ana tafiya a kan dandamalin katako, birai na tsalle a kai, ga ɗawisu ga kunkuru. Akwai gadar igiya ta sama mai tsawon mita 401, tana lilo a saman itatuwa. Saurayin zai so ta, ƙaramar kuwa akwai ƙa'idar shekaru, ku tambaya a ƙofa. A ɓoye abinci a jaka, birai na fizga. Daga nan sai bakin teku na kusa kafin azahar. Kowanne kuka zaɓa, da la'asar ku biya gidan zane-zane na Nike a Lekki, bene mai hawa biyar cike da zane da sassaƙa da adire, wato rinin shuni na Yarbawa, ɗan'uwan na marinar Ƙofar Mata a Kano. Ku tuna Asabar ranar biki ce a Legas, daga tsakar rana titin Lekki yakan cushe.

Abinci

Na san abin da ke ranka, don shi ke ran kowane baƙona: yanka. Yawancin shanu da awakin da Legas ke ci daga Arewa ake kai su, babbar mayankar garin kuma tana Oko-Oba a Agege, inda mahauta Hausawa da Yarbawa Musulmi suka yi yawa. Masu sayar da abincin gargajiya na Yarbawa da dama Musulmi ne, za ka ji ana kiran mai wurin Alhaja. Inda za ka sa ido shi ne wurin da ake sayar da naman daji, da gidajen abincin Sin da na Turawa inda alade ke cikin jerin abinci kuma akan sa giya a miya, da wuraren shan giya masu farfesu. Tambaya ba abin kunya ba ce a can, sun saba. Ka ce kai Musulmi ne, za a gaya maka gaskiya. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka ci kifi.

Kifi kuwa shi ne dalilin cin abinci a bakin teku. Allah ya ce an halatta mana farautar teku da abincinsa, Annabi (SAW) kuma ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya wannan ya haɗa da jatan lande da ƙaguwa. Dodon koɗin da za ku gani a miya shi na tudu ne, hukuncinsa daban, wannan sai malamai. Amma a kula da wane kifi. Tarwaɗar da ake nuna maka da rai a baho a yanka maka, ta kiwo ce, irinta ce a Zariya. Taitus na ƙanƙara ne daga waje, akwai shi a kasuwar Sabon Gari. Ku nemi na teku: kuroka, ko barakuda, ko jan kifin da suke kira sinafa. Ka zaɓa da kanka tun yana ɗanye. Ka ɗaga marfin kunnensa, ya zama ja jawur. Ido ya zama garau, ba fari-fari ba. Ka danna jikinsa da yatsa, naman ya dawo. Ku gama ciniki kafin a ɗora shi a wuta. A gasa a kawo da soyayyar agada ko doya, ku ci da hannu kuna kallon ruwa. Jatan lande kuwa, tunda ba ku taɓa cin ɗanyensa dafaffe ba, kowa ya fara da kaɗan, domin akwai jikin da ba ya karɓarsa, ya yi ƙaiƙayi ko kumburi. In leɓe ko maƙogwaro ya fara kumbura, asibiti nan take.

Ranar Juma'a da rana ku ci amala a buka. Kalmar ma daga bukkarmu ake cewa ta fito. Ku zaɓi wadda ma'aikatan ofis suka yi layi, don inda ake layi abinci ba ya kwana. Amala tuwon garin busasshiyar doya ce, baƙi-baƙi, mai laushi kamar tuwon dawa da aka tuƙa da kyau. Ana zuba mata ewedu, wato miyar lalo, da begiri, wato miyar wake, sannan a kwarara jar miya a kai. Ga sirrin: lalon da waken ba su da yaji, duk wutar tana cikin jar miyar, attarugu ne da manja. Yajinmu na gari ne, nasu ɗanye ne, yana kama harshe daban. Ka ce a zuba wa yara jar miyar a gefe. Nama da ɗai-ɗai ake saye, kana nunawa ana ɗorawa: akuya, shaki wato tumbi, fomo wato ganda. Miyar efo alayyafo ce da daddawar da ba a daka ba, bakinku ba zai baƙunce ta ba. Shinkafar ofada, wadda ake kawowa a ganye, tana da ƙamshi mai ƙarfi da miya mai zafin gaske; kai da saurayin ku gwada, a nema wa ƙaramar dafa-duka. Ruwa kuwa na gora kawai, a duba murfin.

Ina roƙonka kada ku yi abin da yawancin mutanenmu ke yi, su sauka Legas su tafi neman tuwon shinkafa da miyar kuka kwana uku. Tuwo yana jiranku a Tudun Jukun. Dare ɗaya dai ku ci tsire a Obalende ko a Glover Court da ke Ikoyi. 'Yan'uwanmu ne ke gashi, ka yi musu sallama da Hausa ka ga yadda fuska za ta washe, a tambaye ka mutanen gida, a ƙara maka albasa da yaji. Ka ga kuma irin motocin da ke layi don abin da muke saye a bakin PZ.

Iyakar shawarata

Idona na magidanci ne mai yawo da baƙi masu iyali, a kan wannan ma'auni na zaɓa na bari. Kuɗin shiga wurare da na jirgin ruwa suna canzawa kusan duk wata, don haka ka sa mai masaukinku ya tambayo ranar Alhamis. Badagry na bar ta da gangan, ko da yake tana raina: can ne tsohuwar tashar cinikin bayi, da bene na farko da 'yan mishan suka gina a 1845, da tsibirin Gberefu inda ake loda bayi a jirgi. Tana kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, zuwa da dawowa wuni guda ne cikakke, taura biyu kuma ba ta taunuwa. A ajiye ta sai wani zuwan. Batun kasaru, tunda zamanka da taron zai iya kai kwana huɗu, ka tambayi malaminku kafin ku tashi.

Lahadi da safe titi fayau yake, kowa yana coci ko barci. Ku karya da ewa agoyin, wake ne da aka dafa ya yi luguf da soyayyen yaji baƙi-baƙi, a haɗa da burodin Agege mai laushi. A rage wa yara yajin. In a Yaba kuka sauka, kasuwar Oyingbo na kusa, gara ku biya ta tun yammacin Asabar ku sayi busasshen jatan lande da bandar kifin teku na tsaraba. A naɗe su a takarda, a sa a leda biyu, a saka a robar da ke rufuwa gam, in ba haka ba har leshin Balogun sai ya ɗauki ƙarni. Ku tsallaka gada da hantsi, in da ɗan'uwa a Agege ku leƙa ku gaisa tunda kusa take da filin jirgi, amma ku kasance a filin awa biyu kafin tashi. Daga Kaduna kuma akwai kusan kilomita 80 a gabanku, don haka ka shirya wanda zai ɗauke ku tun kafin ku bar gida, kada dare ya same ku kuna neman mota a Mando. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a gaida uwargida da yaran.